Mongol sun yi wa Bagadaza ƙawanya, ni kuma ina riƙe da Misra: in tare su ko in ja da baya?

Barden_Dare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka daɗe suna buga gem ɗin yaƙi da mulkin daula na Medieval II: Total War. Misra na ɗauka, a mataki mafi wuya, kuma har wajen shekarar 1220 komai na tafiya lafiya lau. Ƙudus, Akka, Dimashƙa, Halab da Antakiya duk suna hannuna, na kori 'yan Salibiyya sau biyu, har na miƙa gabas na ci Edessa da Mosul da Bagadaza. Sai ga Mongol sun ɓullo. Cikin zagaye shida na wasan sun cinye min cikakkun runduna biyu, sun kashe yarimana mai jiran gado a filin da ke gaban Mosul, sun ƙwace Mosul ɗin, yanzu kuma sun kewaye Bagadaza. Abin da ya rage a baitulmali bai kai fulorin 4,500 ba, wato kuɗin gem ɗin. In tattara ragowar mayaƙana in sake tararsu, ko in bar musu gabas gaba ɗaya? Wata biyu na yi ina gina daular nan, raina ba ya so in sake daga farko.

Gwanin_Gada:
Wa alaikumus salam. Ka bar musu Bagadaza. Kada ka ƙara haɗuwa da su a sarari ko sau ɗaya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Sarkin_Baka92:
Abin da Gwanin_Gada ya faɗa haka yake, amma bari in faɗi dalili don kada ka ɗauka ragwanta ce. Kai runduna ɗaya kake shiga da ita, ƙungiya 20 iyakarta. Su kuwa rundunoninsu tare suke tafiya, uku ko huɗu a manne da juna, duk wadda ka taɓa sauran za su shigo maka ta gefe. Sarakunan yaƙinsu taurarin ƙwarewarsu sun cika, ga alamar ban tsoro, sai ka ga mutanenka sun fara karaya tun ba a kashe rabinsu ba. Maharbansu na kan doki kuma ba za su tsaya ka kama su ba.

Amma doki ba ya hawa ganuwa. Nan ne lagonsu. In suka zo cin gari, dakarunsu na ƙasa ne kaɗai za su hau tsani, kuma su ne mafi rauni a cikinsu. Barade dole su jira a fasa ƙofa su kutso ta waje ɗaya. To a bayan ƙofar nan ka jera Saracen Militia, masu mashin nan, ƙungiya uku ko huɗu, ɗaya a gaba, biyu a gefe da gefe, kamar bakin murhu. A saman ganuwa daidai ƙofar ka ɗora Naffatun, masu jifa da tukunyar wuta. Tukunyar wuta ɗaya in ta faɗa cikin dawakin da suka cunkushe a ƙofa, ɓarnar da take yi ta fi ta kibiya ɗari. Sau da yawa sarkin yaƙinsu ma a nan yake mutuwa, don da kansa yake kutsowa.

Ka kula da abu biyu. Hasumiyoyin ganuwa ba sa harbi sai da sojanka a kusa da su, saboda haka kada ka bar gefen da suke tahowa babu kowa. Sannan in ganuwa ta faɗi, ka janye kowa zuwa dandalin tsakiyar gari, a can soja ba ya gudu sai dai ya mutu a tsaye.

Mai_Sulke:
Ni fa ban yarda ba. Malam Sarkin_Baka, shawarar da ka bayar ta mai riƙe da Milan ce ko Benis, masu sojan gari. Misra ƙarfinta a kan doki yake. Mutum yana da Mamluk Archers, maharba masu sulke da in kibiya ta ƙare su zare kulki su shiga, sai ka ce ya kulle su a bayan katanga? A cikin lungun gari doki ba shi da amfani. Kuma in ka zauna kana jira, su ne ke zaɓar inda za a yi yaƙi da ranar da za a yi. Za su iya zama a ƙofarka har abinci ya ƙare ba su hau ganuwa ba.

Abin da na yi a nawa: na haɗa runduna guda ta dawaki zalla, maharba 12, barade masu mashi 6, sarakunan yaƙi biyu. Na riƙa bin su daga nesa. Ba kullum suke a manne ba, wajen tsallake kogi ko bayan sun ci gari sai ka ga ɗaya ta ware. Ita nake faɗa wa. In sarkin yaƙinka yana da baiwar yaƙin dare, ka kai harin da dare, waɗanda ke kusa ba za su shigo taimako ba sai in nasu shugaban ma yana da ita. A haka na gama da su ɗaya bayan ɗaya.

Gwanin_Gada:
A wane mataki ka yi wannan, Mai_Sulke?

Mai_Sulke:
Taswira a mafi wuya, fagen fama a mai wuya.

Gwanin_Gada:
To ka ji. Shi duka biyun a mafi wuya yake. Kuma mutumin da ke da 4,500 a ina zai samo dawaki 18?

Basakkwace_Na_Rima:
Ni dai gada ta cece ni. Da sunka zo mini, sai na aje runduna bakin gadar Furatu, na ƙyale su sunka kawo hari da kansu. Amma ku ji kuskuren da ni yi karon farko, kada wani ya maimaita shi: na jera masu mashi daf da bakin gada. Mutanen ga ba su ko taka gadar ba, sunka tsaya ƙetare suna zuba muna kibau da rokokin nan nasu masu wuta, kafin su taso rabin mutanena sun kwanta. Karo na biyu sai na ja baya sosai, inda kibiyarsu ba ta kai, sai da dawakinsu sunka cika gadar sannan na rugo na toshe bakin. Ranar nan sarakunan yaƙinsu uku munka kashe. Abin lura, ka duba ko akwai mashigi gefen gadar, wani filin shina da wurin tsallakawa na biyu, in ba ka tsare shi ba ta baya za ka gan su.

Yar_Zongo:
Ku yi haƙuri da katsalandan. Wannan gem ɗin yana hawa waya kuwa? Ƙanina ke ta damuna, mu kuma ba mu da kwamfuta a gida.

Sarkin_Baka92:
Yana hawa, 'yar'uwa. Tun 2022 aka fitar da na Android da iPhone, saye ake yi. Sai dai yana son waya mai ƙarfi da wuri mai yawa, ki duba jerin wayoyin da yake karɓa kafin ki biya. Ainihin na kwamfuta tun 2006 ya fito, shi ya sa tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa.

Malam_Na_Tarihi:
Na karanta gardamar Mai_Sulke da Sarkin_Baka, sai na ga kowannensu ya riƙe rabin abin da ya faru a zahiri. Hulaku, jagoran Mongol, ya ci Bagadaza a 1258, ya kashe halifa Musta'asim. Ganuwa ba ta hana ba. A farkon 1260 Halab ta faɗi, Dimashƙa ta miƙa wuya. Hulaku ya aika wa Sarkin Misra Ƙuɗuz jakadu cewa ya sallama, Ƙuɗuz ya sa aka kashe su aka rataye kawunansu a Ƙofar Zuwaila a Alƙahira. Sannan bai zauna jira a Misra ba, ya fita da runduna zuwa Falasɗinu, aka haɗu a Ainu Jalut ranar 3 ga Satumba 1260, wato 25 ga Ramadan 658. A fili aka yi, kuma da dawaki aka ci, kwamandansa Baibars ya ja Mongol da gudun yaudara har inda sauran ke kwanton ɓauna. Har nan Mai_Sulke ne da gaskiya.

Amma da wa aka haɗu? Ba da Hulaku ba. Babban sarkinsu Mongke ya mutu a 1259, Hulaku ya janye mafi yawan rundunarsa ya koma wajen Azarbaijan, ya bar kwamandansa Kitbuga da mutanen da ake ƙiyasta su tsakanin 10,000 da 20,000. Ƙuɗuz bai fita ba sai da ya ga an rage. Kuma bai tafi ceton Halab ba lokacin da take faɗuwa. Har Faranjawan Akka sai da aka daidaita da su suka bar shi ya bi ta ƙasarsu, ya yada zango kusa da garinsu. Wato ya rufe ƙofa ɗaya kafin ya buɗe ɗaya.

Ɗana Barden_Dare, tambayar da zan yi maka: da wa da wa kake yaƙi yanzu banda Mongol?

Barden_Dare:
Baba Malam, da Turkawa, da Rumawan Kustantiniya, da Benis da Faransa tun daga yaƙin Salibiyya na ƙarshe. Ban nemi sulhu da kowa ba.

Malam_Na_Tarihi:
To ka fara daga nan. Tura jakada wurin Turkawa yau, ko da za ka ba su gari ɗaya.

Gwanin_Gada:
Ka ba su Edessa. Ai dama ba za ka iya riƙe ta ba. In ta zama tasu, Mongol su za su fara tunkara, kowane zagaye da suka ɓata a can riba ce gare ka. In sun ƙi karɓa, ka rushe gine-ginen ciki ka karɓi kuɗin kafin a kewaye ta, ka fice da sojanka.

Ɗan_Damagaram:
Rushewar na yarda da ita, amma ni ko a gem ban iya taɓa masallaci. Kasuwa da bariki da maƙera na kan rushe, in bar shi tsaye.

Fatake_Sai_Dare:
Kowa na maganar mashi da doki, ba wanda ya taɓo kuɗi sai Gwanin_Gada. Mai garuruwa irin Antakiya da Iskandariyya da Alƙahira a ce 4,500 gare shi, akwai inda ake zubarwa. Ina zargin ka tara sojan ƙasaita a garuruwan da ba yaƙi kana biyansu albashi. Ka sallame su ko ka tura su gaba. Birni yana ɗauke maka albashin wasu ƙungiyoyin sojan gari in dai a nan ake horar da irinsu, yawansu ya danganta da girman ganuwa. Sannan garuruwan bakin teku a mai da su birane, a bar sansanin soja guda biyu kawai, Halab a gaba, Gaza a baya.

Kuma 'yan kasuwa. Ku duba can ƙasan taswira ta yamma, Tumbuktu na nan, da zinariya da hauren giwa. Ɗan kasuwa ba a biyansa albashi, kuma ba kasafai wani ke zuwa can ya kore shi ba. Ni duk daular da na ɗauka sai na tura mutum uku ko huɗu.

Sarkin_Baka92:
Alhaji Fatake, kafin ɗan kasuwa ya taka daga Alƙahira ya ratsa Sahara ya kai Tumbuktu, an gama cin Antakiya. Shawara ce mai kyau ga wanda ke zagaye na goma, ba wanda wuta ke ci a gefen rigarsa ba.

Fatake_Sai_Dare:
Gaskiya ne. Amma ai ba zuwa ɗaya Mongol suke yi ba, kashi-kashi suke zuwa, kuma bayansu akwai waɗanda suka fi su. Ya tura yanzu, zai gode daga baya.

Ɗan_Damagaram:
Ni abin da ya faranta mini rai ranar da na fara ganin Tumbuktu cikin taswirar nan ba ya misaltuwa. Sai na yi ta ja ƙasa ko zan ga Agadas ko Kano, ashe nan taswirar ta ƙare.

Malam_Na_Tarihi:
Hanyar zinariyar nan kuwa gaskiya ce. Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji, zamanin Sarki Nasir Muhammad, ɗaya daga sarakunan Mamluk ɗin nan da kuke yaƙi da dawakinsu, kuma zinariyar da ya rabar sai da ta karya farashinta a Misra. Mutanen Kanem ma suna da masauki da makaranta a Alƙahira tun ƙarni na 13.

Mai_Sulke:
Ni kuma duk sanda na ga Royal Mamluks sun jeru da dawakinsu a lulluɓe, 'yan lifidan hawan sallah nake tunawa. An ce Sarkin Kano Kananeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, wajen ƙarshen ƙarni na 14.

Gwanin_Gada:
Jama'a mu dawo kan Bagadaza, bawan Allah na jira.

Barden_Dare:
Na gode ƙwarai. Wata tambaya: ina da limami mai darajar taƙawa 5 a Ƙudus. In ya kira jihadi, zai taimaka?

Sarkin_Baka92:
Sosai, 4 ma ta isa. Rundunar da ta shiga ba a biyanta albashi muddin ana tafiyar, tana ninka tafiya, kuma za ka samu mayaƙan jihadi na Ghazis da Mutatawwi'a da araha a hanya. Sharaɗi dai sarkin yaƙi ya kasance da ƙungiya 8 aƙalla. Ga mai ƙarancin kuɗi irinka babban sauƙi ne. Amma kada ka shiga ka tsaya wuri ɗaya, in ba ka matsawa wajen garin da aka ambata sojoji za su fara zamewa.

Basakkwace_Na_Rima:
Ku sani fa, cikin gem ɗin ga Mongol Musulmi anka sa su. Ni na taɓa kiran jihadi bisa Kustantiniya, sai ga su sun shiga, sunka kwashi rundunarsu sunka yi yamma, sunka ƙyale ni. Ban ce kullum haka za ta faru ba, amma ni na gani da idona.

Malam_Na_Tarihi:
Wannan kuwa masu gem ɗin sun gajarta tarihi ne. Hulaku ba Musulmi ba ne, Kitbuga Kirista ne. Wanda ya musulunta a lokacin shi ne Barka, ɗan'uwansu mai mulkin arewa, har ya yaƙi Hulaku ya ƙulla zumunci da Baibars. A zuriyar Hulaku kuwa, a 1295 Gazan ya karɓi Musulunci ya mai da shi addinin daula, kuma hakan bai hana shi kawo wa Sham yaƙi ba, ya ci Mamluk a 1299 kusa da Hims, su kuma suka rama a 1303. Yaran da ke buga abin nan su san wannan.

Kwamanda_Fagge:
Abu ɗaya ba a faɗa ba. Duk wanda ka kama a cikinsu ka kashe. In ka karɓi fansa ko ka sake su, zagaye biyu za ka sake ganinsu a ƙofarka. Mongol kafin su zauna da gari ba sa iya horar da sababbi, duk wanda ya mutu ya tafi kenan. Kuma kisan yana ƙara wa sarkin yaƙinka ban tsoro, abokan gaba su riƙa karaya da wuri.

Ummu_Sulaim:
Ban yarda da wannan ba, yayana. Na buga Misra har ƙarshe ban kashe fursuna ko ɗaya ba. Sarkin yaƙi mai karamci yana ƙarfafa zuciyar nasa mutanen, kuma abin da ake buƙata kenan a gaban masu ban tsoro irin Mongol, mutanenka su tsaya kada su watse. In ka ajiye shi a gari kuma jama'a na ƙaruwa da sauri, ganuwa ta girma da wuri. Banda haka, ni in na ɗauki Misra Salahuddin nake tunawa, wanda ya ci Ƙudus a 1187 ya bar mutanenta suka fanshi kansu suka fita. Ba na jin daɗin danna maɓallin nan, ko da zane ne.

Kwamanda_Fagge:
Na girmama ra'ayinki, ƙanwata, kuma a kan 'yan Salibiyya nima haka nake yi. Amma mutum 900 na Mongol da kika saki su ne za su kashe miki 900 naki gobe.

Ummu_Sulaim:
Sai in nemi fansa. In sun biya, na samu kuɗin gina hasumiya. In sun ƙi, alhakin na wuyansu.

Barden_Dare:
Ga yadda aka kwana, 'yan'uwa. Bagadaza ta faɗi, amma na yi yadda Sarkin_Baka ya ce a ƙofa, 'yan sojan garin da ke ciki sun tafi da kusan rabin runduna ɗaya da sarkin yaƙi guda kafin a gama da su. Turkawa sun karɓi Edessa sun yi sulhu, Baba Malam Allah ya saka da alheri. Na sallami sojan da ke zaune a Gaza da Iskandariyya, kuɗin shiga ya tashi. Halab na zuba komai, na kai ta ganuwa biyu.

Jiya da dare suka zo Halab da runduna uku. Karon farko ina tsakiyar yaƙi aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuma ya mutu tuni, sai da na sake. Na biyun na bar musu ganuwar waje da wuri bayan majaujawarsu ta fasa ta wuri biyu, na koma ta ciki. A ƙofar ciki Naffatun suka yi aikinsu. Da suka karaya sai na saki Mamluk huɗun da na ɓoye a gefe, suka bi su har bakin fili. Na rasa mutum 700 da wani abu, su sun rasa fiye da 2,000. Fursunonin fansa na nema, suka ƙi biya.

Mai_Sulke:
Madalla! Amma ka lura, dawakin nan huɗu su suka mai da korar ta zama nasara. Da ba su, waɗanda suka gudu da sun dawo. Yanzu da suka raunana ne lokacin fita. Kada ka bari su huta.

Sarkin_Baka92:
A'a, kada ya fita tukuna. Wannan kashin farko ne. In ya fita ya bi su har Mosul, kashi na biyu ya ɓullo ya same shi a sarari da rundunar da ta gaji, an koma gidan jiya. Ya gyara ganuwa, ya sake cika ƙungiyoyin da suka ragu, ya ɗora hasumiyar harbi a Antakiya don can suka fi so.

Mai_Sulke:
In ya zauna, su kuma sun zauna da Mosul da Bagadaza sun fara horar da sababbi. Mosul sansanin soja ce fa. Kowane zagaye da ya ƙara, ƙarfinsu dawowa yake.

Fatake_Sai_Dare:
Ko ya fita ko bai fita ba, ya tuna annoba na tafe wajen 1340 da wani abu, za ta kwashe jama'a da kuɗin shiga, bayanta kuma ga mutanen Taimur da giwaye masu ɗauke da igwa. Su ganuwar ma ba ta cika tsayar da su ba. Masu jifa da mashi zai tanada tun yanzu.

Gwanin_Gada:
Wannan saura zagaye sittin ko fi, Alhaji. A bar shi ya ƙetare na gabansa.

Barden_Dare:
Na duba da ɗan leƙen asiri. Runduna ɗaya da rabi ce ta rage musu kusa da Furatu, ɗaya kuma a cikin Bagadaza. Mosul ƙungiya uku ce kawai a ciki. Ina da sarkin yaƙi mai baiwar dare a Dimashƙa, amma shekararsa 58, kuma shi kaɗai ya rage min mai taurari sama da biyar.

Basakkwace_Na_Rima:
Kai shi bakin gada ka tsaya nan. Ba ka fita ba, ba ka zauna ba.

Mai_Sulke:
Mai shekara 58 ba ya jiran gada, ɗan'uwa, kowane lokaci zai iya mutuwa a kan gadonsa. A yi amfani da shi yanzu. Barden_Dare, dawaki nawa za ka iya haɗa masa cikin zagaye biyu?

Barden_Dare:
Tara, in na kwashe na Halab duka. In na bar biyu a can, bakwai.

Sarkin_Baka92:
Kada ka kwashe na Halab. Turo mana hoton taswirar tukuna, mu ga inda rabin rundunar nan take tsaye da tazararta da ɗayar.